Tambayoyinku Kan Waya: Bidiyon Barkwanci, Zolaya da Muryar Aro

Tambaya, daga wata malamar firamare a Kumo: Malam, wayata ta cika da bidiyon barkwanci da ake turowa a rukunin WhatsApp na danginmu, kuma data ba ta kai mini mako guda. Yaya zan yi ba tare da na fice daga rukunin ba?

Amsa: Malama, shiga saitin WhatsApp, ki buɗe sashen ajiya da data, ki hana bidiyo sauka da kansa. Daga nan ki goge manyan fayiloli, waɗanda manhajar ta riga ta jera miki su a wuri guda. Ba lallai ba ne ki kalli duk abin da ƙanin mijinki ya turo kafin zumunci ya ɗore.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Gwallameji, Bauchi: Na ga bidiyon da wani ya saka waya a na'urar ɗumama abinci, ya fito da ita cajinta ya cika cikin minti ɗaya. Da gaske ne?

Amsa: Ƙanena, da a ce da gaske ne, da tuni masu shagon caji na Gwallameji sun nemi wata sana'a. Wannan tsohuwar zolaya ce da ta samo asali a shekarar 2014, lokacin da wasu suka tsara tallar bogi mai kama da ta kamfanin Apple, suka ce sabon tsarin wayar iPhone mai suna iOS 8 yana ba da damar yin caji ta wannan hanya. A 2013 ma an yaɗa cewa iOS 7 yana hana ruwa lalata waya, a 2016 kuma aka ruɗi mutane su mayar da kwanan watan iPhone zuwa 1 ga Janairu 1970, wayoyin waɗanda suka gwada suka ƙi tashi. Batirin wayarka na litiyam ne, zafi yana kumbura shi, yana kuma iya kama wuta. Cajin da ka gani ya cika a bidiyon aikin haɗa hoto ne kawai.

Tambaya, daga wani matashi a Jekadafari, Gombe: Malam, wace manhaja ce ta fi iya sauya murya? Ina so in kira yayana da wata lamba in ce masa an yi garkuwa da ni, a kawo kuɗi, in naɗi ruɗewar da zai yi in saka a TikTok. Wasa ne kawai, daga baya zan gaya masa gaskiya.

Amsa: Ba zan ba ka sunan kowace manhaja ba, kuma ina roƙonka ka karanta abin da zan faɗa har ƙarshe, domin wannan ita ce wasiƙa ta uku irinta da ta iso mini.

Mu mutane ne masu wasa tun fil azal. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai wanda Fulani da Barebari suke yi a kasuwanninmu kullum, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a yi dariya a watse. Abin da ya sa wannan wasa bai taɓa raba zumunci ba shi ne duk ɓangarorin biyu sun san wasa ake yi tun daga farkonsa. A naka shirin kuwa, kai kaɗai ne ka sani, yayanka kuma zai ɗauki kiran ne a ƙasar da iyalai da dama suka sayar da gona da shanu don karɓo 'ya'yansu.

Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan da idona. Wani dattijo ya shigo shagona a Bauchi da 'yar ƙaramar waya mai madannai, an ɗaure murfinta da roba, yana roƙon in nuna masa yadda zai tura kuɗi zuwa wata lamba. Hannunsa yana rawa har ya kasa karanto lambar, ya cire hula ya riƙe, gumi yana zuba masa alhali ana sanyin hunturu. Na ce masa, "Baba, bari mu fara kiran yaron a lambarsa da ka sani." Yaron ya ɗauka yana dariya, ana jin abokansa a gefe. Dattijon bai ce uffan ba, ya zauna a kan benci ya daɗe kafin ya iya miƙewa. Idan da yana da hawan jini mai tsanani, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya?

Ka kuma san cewa doka ba ta kallon abin a matsayin raha. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta aika saƙon barazana da na neman kuɗin fansa, kuma idan yayanka ya garzaya wurin 'yan sanda kafin ka kira shi ka warware, lambar da ka yi amfani da ita tana da rajista da sunan wani. Masu barkwanci sun riga sun gurfana a kan abin da bai kai wannan ba, domin a 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu wasan TikTok hukuncin bulala da tara bisa ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Shi kansa YouTube tun a watan Janairun 2019 ya haramta bidiyon zolayar da ke sa mutum ya gaskata cewa yana cikin babban haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da irin wasanku ke yi wa amana. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya, kuma 'yan damfara suna amfani da ita. Duk kiran ƙarya da ka yi don dariya yana koya wa gidanku shakkar kiran gaskiya, sai ranar da wani zai nemi agaji a ce ai wannan ɗan wargin ne ya sake. Sannan wasu manhajojin sauya murya da ake turawa a WhatsApp a matsayin fayil suna neman izinin shiga makirufo, lambobin mutane da saƙonninka, wato har da lambobin sirrin da banki ke aiko maka. Shawarar da nake ba kowane gida ita ce a zaɓi kalma ɗaya da 'yan gida kaɗai suka sani, a riƙa tambayarta idan an ji kiran gaggawa, a kuma katse a kira mutumin a lambarsa ta asali. Idan bidiyo kake son yi, ka shirya shi da yayanka yana sane, ku yi wasanku kamar yadda masu fim suke yi.

Tambaya, daga wani dattijo a Misau: Jikana ya nuna mini hoton wani babban mutum cikin shigar ban dariya. Ta yaya zan gane na gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, a watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis cikin ƙatuwar farar rigar sanyi ya ruɗi duniya, alhali da manhajar Midjourney aka ƙirƙira shi. Ka sa jikan naka ya bincika hoton da manhajar binciken hoto ta Google Lens, zai ga wuraren da ya fito a intanet. A duba yatsu da rubutun da ke cikin hoton, nan ne aka fi samun tangarɗa.

Tambaya, daga wani mai sayar da atamfa a kasuwar Wunti: Abokina ya karɓi wayata da wasa, tun daga ranar duk wanda ya kira ni shi yake samu.

Amsa: Ya karkatar da kiranka ne zuwa lambarsa. Danna ##002# ka buga kamar za ka yi kira, karkatarwar za ta goge. Bayan haka ka sa wa wayar makulli, ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, sannan ka tambayi abokin naka ko abokan ciniki nawa ya amsa wa da sunanka.