Tambayi Anti: Kwallin jarirai da man haɗi na WhatsApp

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata uku kenan da na haihu, tun ina da ciki na bar mayukan kanti na koma kayanmu na gida, man kaɗanya da sabulun salo da lalle. To surukata duk in ta yi wa yarinyar wanka sai ta rambaɗa mata kwalli wai yana wanke ido, ni kuma ranar rigakafi na ji nas tana cewa a daina. Sannan akwai man haɗi da nake saya wajen wata mata a WhatsApp, ta ce zallan itatuwa ne ba kemikal, sati biyu kacal na yi fari tas. Wanne zan riƙe wanne zan bari?
Mai jego, daga Zariya

Wa alaikumussalam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana.

Nas ɗin nan gaskiya ta faɗa miki. Kwallin dutse mai ƙyalƙyalin nan da ake dakawa, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar da rahoton wani jariri a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, an samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Kuma kin san jariri, yanzu zai murza ido yanzu hannun ya koma baki, haka take shiga kaɗan kaɗan ba zazzaɓi ba kuka ba wata alama, ƙwaƙwalwa take ci a hankali, sai an sa yaro makaranta a fara cewa ba ya ganewa. Ita ce dai gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can daga dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta fito kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma guba ɗaya ce. In an kawo miki zancen ismidi, abin da ake tallarsa a kasuwa da wannan sunan ba lallai shi ɗin ba ne.

Ita kuwa Hajiya kar ki ja da ita, soyayya ce ta sa take yi, haka ta yi wa mijin naki ma. Ki sa ɗanta ya yi mata magana, ko ki roƙe ta ta raka ki rigakafi na gaba ta ji daga bakin nas, ya fi shiga. Idon jariri auduga da ruwan da aka tafasa ya huce sun ishe shi.

Man haɗin nan ya fi tayar min da hankali wallahi. Babu ganye ko saiwar da za ta mayar da mutum fari a sati biyu, ko kurkur da dilka sai dai su goge datti fata ta yi sheƙi. Abin da ke wannan saurin ɗayan uku ne, ko maganin kumburi mai ƙarfi da ake kira sitiroyid irin su clobetasol, ko sinadarin sa fata haske hydroquinone, ko makuri wato zaiba, a zuba a robar da ba suna ba lambar NAFDAC a ce itatuwa ne. Duba gaɓoɓin yatsunki ko sun fi sauran jikin duhu, duba ko jijiyoyi sun fara bayyana a cinya da hannu. Makuri yana lalata ƙoda, yana bin nono, ga shi kuma kullum yarinyar tana manne a jikinki. A 2023 NAFDAC da kanta ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Kaɗanya ki riƙe ta da kyau. Sabulun salo ma haka, sai dai yana busar da fata musamman da hunturu, ki bi shi da mai, kuma ban da jikin jaririya. Lalle ja na ganye ba matsala, baƙin nan da ke kamawa cikin minti kaɗan rinin gashi ne a ciki, shi ne yake sa hannun wasu amare ya tashi kamar ƙuna.

In kin daina man wataƙila fuska ta feso da ƙuraje da ƙaiƙayi, kar hakan ya sa ki koma. Ki ga likitan fata a asibitin koyarwa da ke Shika, ki tafi da robar man a jakarki, ki kuma faɗa masa kina shayarwa.