Fatawar Santambul ta 1914 da kakan da ya yi wa Ingila soja

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Kakan mahaifina ya yi yaƙin duniya na farko a ƙarƙashin Turawan Ingila, sun yaƙi Jamus a Gabashin Afirka. Abin da muka taso muka ji a gida shi ne hakimi ne ya sa dogarai suka kwaso su, shi da wasu samarin ƙauye, don cika adadin da Nasara suka nema. Ya dawo ya ci gaba da noma har ya tsufa, ya rasu yana mai salla. Lambar yabonsa tana nan a cikin gwangwani a akwatin babana. Kwanan nan na karanta cewa Shaihul Islam, wato babban mai fatawa na Daular Usmaniyya, ya yi fatawa a 1914 cewa duk Musulmin da ya yaƙi Jamus ya cancanci azaba. Wani ya ce mini maganar halifa ce, ta hau kan kowa, don haka kakanmu ya yi ridda. Tun daga nan na cire shi daga addu'ata, har muka sami saɓani da babana. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka mayar da kakanka cikin addu'arka tun daga sallar da za ka yi nan gaba. Musulmi ne da ya mutu yana fuskantar alƙibla, kuma irin wannan ana yi masa addu'a da sadaka, babu saɓani. Abin da ya rage shi ne in cire maka ƙayar da aka soka maka.

Fatawar da ka karanta gaskiya ce. Mustafa Hairi Afandi ne Shaihul Islam a lokacin, a zamanin Sarki Muhammad Rashad, kuma an karanta ta ga jama'a a masallacin Fatih na Santambul ranar 14 ga Nuwamba 1914. Sai dai tambayoyi biyar ne a cikinta, kuma wanda ya kawo maka labari ya cakuɗa biyu. Ta huɗu tana magana ne a kan Musulmin da ya ɗaga makami a kan sojojin daular Musulunci, ta ce haramun ne ko da an tilasta shi. Ta biyar ita ce ta Musulmin Ingila da Faransa da Rasha da Sabiya da Montenegro waɗanda suka yaƙi Jamus da Ostiriya, abokan ƙawancen daular, ta ce sun yi babban zunubi, dalili kuwa wai yin haka zai cutar da halifanci. Kakanka bai je Iraƙi ba, bai je Gallipoli ta ƙasar Turkiyya ba, bai haɗu da sojan Usmaniyya ba. Idan ma fatawar ta shafe shi, ta biyar ce. Kuma ita kanta zunubi ta ambata, ba ta ce kafirci ba. Wanda ya ce ridda, daga aljihunsa ya ƙara.

Yanzu maganar cewa umarnin halifa ne, ya hau kan kowane Musulmi a duniya. Wannan ra'ayi yana yawo a tsakanin matasa masu kishin tarihin Usmaniyya, kuma ban yarda da shi ba.

Ɗa'a tana bin mubaya'a da iko. Kakanninmu ba su taɓa yi wa Santambul mubaya'a ba. Shehu Usmanu da Muhammadu Bello sun kafa daularsu da Sarkin Musulminsu, ba su jira takarda daga Turkiyya ba, kuma malamai tun da sun yi rangwame a kan shugabanni fiye da ɗaya idan ƙasashe sun yi nisa da juna ta yadda ikon ɗaya ba ya isa ga ɗaya. Tun kafin nan Mai Idris Alauma na Borno ya yi musayar wasiƙa da Sarki Murad na uku na Usmaniyya, kuma Borno ba ta zama lardin Santambul ba. Sarkin da ba ya naɗa maka alƙali, ba ya karɓar zakkarka, ba ya iya kare ka ranar da Nasara suka shigo Sakkwato a 1903, ta yaya barin umarninsa zai zama dalilin halakarka?

Sannan dubi wanda yake riƙe da akalar daular a wannan shekara. Sarki Rashad dattijo ne, suna kawai ya rage masa. Tun juyin mulkin Janairun 1913 iko yana hannun jam'iyyar Ittihad wat Taraƙƙi, wato su Anwar Basha da Ɗal'at Basha da Jamal Basha. Ranar 2 ga Agusta 1914 aka ƙulla yarjejeniyar sirri da Jamus, da yawan ministoci ba su ma sani ba. Ranar 29 ga Oktoba jiragen ruwan daular, ƙarƙashin wani hafsan Jamus mai suna Souchon, suka yi wa Odessa da Sevastopol ruwan wuta, kuma wasu ministoci suka ajiye aiki don ba su yarda ba. Bayan an riga an faɗa cikin yaƙi ne aka zo neman fatawa. An riga an yanka, sannan aka kira mai bismilla.

Abin da ya fi nuna mini cewa siyasa ce ta yanka layin, ba fiƙihu ba, shi ne waɗanda aka sa da waɗanda aka bari. Italiya ta afka wa Turabulus ta Libiya a 1911, tana zaune a kan ƙasar Musulmi a lokacin da ake karanta fatawar, amma sunanta bai fito ba, don a ranar tana cikin ƙawance da Jamus. Ostiriya ta haɗiye Bosniya a 1908, ga shi an mayar da yaƙarta babban zunubi. Holan tana mulkin miliyoyin Musulmi a tsibiran Jawa da Sumatra na Indonesiya, an ƙyale ta don ba ta shiga yaƙin ba. Ita kanta Jamus tana mulkin Musulmi a Kamaru da Tanganyika. Idan dalilin hukuncin shi ne mamaye ƙasar Musulmi, me ya fitar da waɗannan? Shugaba yana da damar ya yi sulhu da wani kafiri ya yaƙi wani don maslahar ƙasarsa, wannan sananne ne. Amma maslahar ƙasarsa ba ta zama aƙidar da ake auna imanin manomin da ke bayan Sahara da ita ba.

Ko a cikin daular ba a haɗu a kai ba. Sharif Husaini na Makka ya ƙi ya fito ya goyi bayan kiran, a Yunin 1916 kuma ya yi tawaye. Ba ina wanke shi ba ne, an ga inda alkawarin Ingila ya kai shi. Ina nuna maka ne cewa abin da mai riƙe da Makka bai amsa ba, da wuya a ce hujja ce yankakkiya a kan saurayin ƙauye da wataƙila bai taɓa jin labarinta ba. Hukunci ba ya hawa kan mutum sai ya isa gare shi.

Kada kuma ka fita daga wannan rami ka faɗa wani. Ba na son ka ɗauki maganata ka je kana zagin Usmaniyya. Talakawan Anadol da Sham da Iraƙi da aka kwashe zuwa Gallipoli da Kut ta Iraƙi suna kare gidajensu ne daga mai mamaya, muna yi wa matattunsu fatan shahada. Fakhri Basha ya riƙe Madina cikin yunwa har Janairun 1919, bayan daular kanta ta ajiye makami. A kusa da mu ma, Kawusan, jagoran Buzaye, da mutanensa sun tashi wa Faransa a Agadas a ƙarshen 1916, Ali Dinar na Darfur kuma Ingila ta kashe shi a shekarar. A gefe guda, a ƙarƙashin wannan gwamnati ce aka kwashe Armeniyawa a 1915, mata da yara suka mutu dubban ɗaruruwa a hanya da hannun makasa, alhali mutanen amana ne da shari'a ta haramta jininsu, har wasu gwamnoni Musulmi irin su Jalal Bey na Konya suka ƙi bin umarnin. Jamal Basha ya rataye manyan Larabawa a Dimashƙa da Bairut a Mayun 1916, yunwa ta cinye mutanen Dutsen Labanan. Daula ce mai Turkawa da Larabawa da Kurdawa da Girkawa da Yahudawa, tun 1909 ma tana ɗaukar waɗanda ba Musulmi ba aikin soja. Wanda ya ce duk abin da ya fito daga cikinta a waɗannan shekaru addini ne, bai karanta ba.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, kuma shi ne ya fi fatawar nauyi. Sojojin da Jamus ta yi yaƙi da su a Gabashin Afirka akasarinsu baƙaƙe ne, cikinsu akwai Musulmi da yawa. Tilas tana ɗauke wa mutum laifin sa kaki da ɗaukar kaya da tafiya inda aka kora shi, amma ba ta halatta masa jinin Musulmi ba, a kan wannan malamai sun haɗu. To, ka san ya kashe wani? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Da yawa daga waɗanda aka kwasa dako suka yi, wasu yunwa da zazzaɓi suka gama da su a bakin kogin Rufiji ba su harba harsashi ba. Idan ma ya yi, ya rayu shekaru bayan haka, ƙofar tuba a buɗe, kuma hadisin Nana A'isha a kan rundunar da ƙasa za ta haɗiye ya nuna cewa ana tayar da mutane ne a kan niyyoyinsu. In kuwa da nauyi a wuyansa, ai shi ya fi kowa buƙatar addu'ar da ka hana shi.

Lambar da ke cikin gwangwani ƙarfe ce, ajiye ta ba laifi, kada dai a mayar da ita abin alfahari da bautar Nasara. Ka bar wa babanka kayansa.

Shi kuma babanka, ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri yau. Ka ɓata wa mahaifi rai a kan kakansa da maganar da ba ka tantance ba, wannan zunubin naka ne, tabbatacce, ba kamar na kakan da kake zato ba. Kada ka tsaya yi masa bayanin Anwar Basha, ba shi yake son ji ba. Ka ce ka yi kuskure, ka tambaye shi ko akwai sadakar da yake so a yi wa mamacin, ka ɗauki nauyinta gwargwadon ƙarfinka. Wanda kuma ya ce maka ridda ce, ka gaya masa a hankali cewa kafirta mutum takamaimai aikin alƙali ne da hujja da shaidu, kuma ka rage zama da shi idan ka ga abin ya zame masa ɗabi'a.

Wallahu a'alam.