Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan taron ɗaukar ma'aikata a Zariya

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun jiya da daddare, inda kika ce kamfaninku zai turo ku daga Kaduna ku kafa rumfa a taron da ake haɗa masu ɗaukar aiki da ɗaliban kasuwanci a nan Zariya, kuma wancan zuwan da kuka yi yara sun karɓi biro da jaka sun wuce, ba wanda ya tsaya. Kina neman yadda za ki sa su tsaya. Na daɗe ina wannan aikin a wani kamfanin rarraba kayan noma, na sha zama a irin wannan rumfar, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Yaron da ya zo gaban teburinki ya zo ne da zargi a ransa. Ya riga ya yarda cewa aikin an gama raba shi ga masu uwa a gindin murhu, ku kuma kun zo ne a ɗauki hoto a kai wa manya. Ba zai faɗa miki ba, zai gaishe ki da ladabi, ya karɓi takarda, ya tafi. Duk aikinki a wannan yinin shi ne ki nuna masa cewa ƙofar a buɗe take da gaske, har ga ɗan wanda ba kowa ba.

Ni kaina na taɓa ƙara wa wannan zargin ƙarfi, kuma har yau abin yana damuna. A zuwana na farko na karɓi takardun neman aiki cike da kwali, muka koma ofis, aiki ya taso, kwalin ya zauna a ƙarƙashin tebur. Da shekara ta zagayo muka dawo, wata yarinya ta zo ta tsaya ta ce, "Yallaɓai, yayana ya ba ku takardarsa bara, har yau yana duba wayarsa." Ban sami abin ce mata ba. Tun daga ranar ba na karɓar takardar kowa sai na faɗa masa ranar da zai ji daga gare mu, kuma ko ba mu ɗauke shi ba sai saƙo ya je masa. Ɗalibai suna da rukunoninsu na WhatsApp, aji-aji, kuma labarin kamfanin da ya yi shiru yana gadon baki daga 'yan aji huɗu zuwa 'yan aji ɗaya.

Sai maganar gaskiya a kan aikin. Ki faɗi albashi, ko aƙalla daga nawa zuwa nawa. Yaran nan sun iya lissafi, shi suke karantawa. Sun san mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, sun san ɗan bautar ƙasa yana karɓar alawus na 77,000, don haka in kin ce "albashi mai tsoka" ba ki ce komai ba. In aikin na kwantiragi ne ki ce na kwantiragi ne. In na yawon nemo kwastoma ne a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, da adadin da za a ɗora wa mutum duk wata, ki faɗa tun a rumfa. Wasu za su juya, amma wanda ya tsaya bayan ya ji wannan, shi ne wanda ba zai gudu bayan wata uku ba.

Akwai abu guda da nake roƙon ki koma da shi wurin shugabanninki, wato ƙa'idar shekaru. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati ya rasa kusan wata 9 a yajin aikin malamai na 2020 ga kullen korona, ya sake rasa wata 8 a na 2022. Ba laifinsa ba ne. Na ga yara masu kaifin basira sun karanta wannan layin a jikin takarda, fuskarsu ta canza, suka ajiye ta a hankali. In kuna da halin sassautawa, ki rubuta da manyan baƙi a gaban rumfar, za ki ga bambanci kafin azahar.

Ki tuna kuma ɗan ajin ƙarshe ba gobe zai fara miki aiki ba. Akwai jiran sakamako, akwai shekara guda ta bautar ƙasa. To me za ki ba shi a tsakani? Mu abin da ya yi mana amfani shi ne mu ce: in an turo ka jihar da muke da reshe, zo mu ba ka takardar neman a kawo ka wurinmu. Kada kuma ki taƙaita a jami'ar Ahmadu Bello kaɗai. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da ke nan Zariya da suka gama ƙaramar difloma suna buƙatar shekara guda ta koyon aiki kafin su koma babbar difloma, kuma da yawansu suna yawo da takarda ba su sami wuri ba. Wasu daga cikin mafi riƙon amanar da na taɓa aiki da su a sito da wurin karɓar kuɗi, daga nan suka fito.

Game da rumfar kanta, ki rage jawabi. Majigi da tarihin kamfani ba sa tsayar da kowa. Ki zo da wanda ya gama a nan Zariya shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda ya san Kongo da Samaru, harabobin jami'ar Ahmadu Bello, ya ci abinci inda suke ci, ya ba su labarin yadda ya shiga ba tare da ya san kowa ba. Maganarsa ɗaya ta fi taki goma. Ki zo da mace a cikin tawagar, domin 'yan mata da yawa kan tsaya daga baya in maza sun cika gaban tebur, kuma tambayoyinsu na wurin kwana da tura mutum wani gari da aure ba kowa za su yi wa ba. Ki gaisa da Hausa, amma ki shirya Turanci, don jami'ar nan tun kafuwarta a 1962 ta kowa ce, za ki ga ɗan Binuwai da ɗan Kwara da ɗan Inugu a layi ɗaya.

Abin da ya fi tara mini jama'a kuwa ƙaramar matsala ce a kan takarda guda. Nakan rubuta labarin dillalin taki da ya ba manoma bashi da damina, kaka ta zo farashin masara ya faɗi, ga littafin bashinsa, me zai yi? In ba su minti goma. Hajiya, sai ki ga an yi cincirindo ana musu, mai karatun akanta yana ja da mai karatun kasuwanci. A nan nake gane wanda ya iya tunani, da wanda ya taɓa zama a shagon mahaifinsa ya san yadda bashi ke kashe jari, abin da takardar sakamako ba za ta nuna mini ba. Wanda ya burge ni nakan rubuta sunansa a gabansa, in ce ranar kaza za a kira shi intabiyu.

Lokaci kuma ki tambayi sashen da ɗaliban suke karatu tun da wuri, kada ya faɗa makon jarrabawa, kada ya ci karo da sallar Juma'a. Ki nemi wakilan aji da shugabannin ƙungiyar ɗaliban sashen mako biyu kafin ranar, su ne ke da kunnen yaran, ba allon sanarwa ba. In kin sa rana ki sanar a nan, in Allah Ya yarda zan turo miki samfurin waccan takardar ta dillalin taki ki gyara ta ta dace da harkarku.