Amsa ga Kawu a Kano kan sassaƙen Rumawa

Kawu, ka tambaye ni ko gaskiya ne mu Hausawan Tarabulus muna kai yara kallon gumaka, kuma na fahimci kana zaton zaman Libiya ya wanke mana Hausancinmu. Gaskiya ne muna kai su kufan Lebda, wani tsohon birnin Rumawa, wanda yake kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus, amma babu wanda ya taɓa rusuna wa dutse a cikinmu, kuma idan azahar ta yi, a bakin tekun nan muke shimfiɗa darduma.

A Lebda aka haifi Septimius Severus a shekarar 145, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, kuma har yau babbar ƙofar da aka gina masa tana tsaye. Ba na cewa baƙar fata ne irinmu, domin jininsa ya haɗa Finikiyawa (mutanen dā na gaɓar tekun Labanon) da mutanen Italiya, amma ɗan Afirka ne, kuma an sassaƙa shi da cikakkiyar alfarmar sarauta. Mutane masu irin launinmu kuwa, waɗanda Rumawa suke kira Habashawa, galibi ƙanana aka yi su da tagulla ko dutse, suna riƙe da fitila, suna hidima a gidan wanka, ko suna wasa don nishaɗin masu gida. Ɗan abin da ke sanyaya mini rai shi ne kan wani saurayi mai suna Memnon, almajirin wani attajirin malami Bagirke mai suna Herodes Atticus, da aka sassaƙa da marmara a ƙarni na 2, yana ajiye a birnin Balin na Jamus, fuskarsa cike da natsuwa da mutunci.

Dole yaranmu su san wannan, domin har yanzu akwai wanda zai kira su bayi a kan titi, alhali kakanmu da kuɗinsa ya biyo ayari ta Agadas da Gat yana fataucin fata da baƙin yadin Kura, ya zauna a nan da yardar kansa. Marigayiya kakarmu ba ta taɓa shiga Lebda ba, ta ce mala'iku ba sa zama inda surori suke, amma ba ta hana mahaifinmu kai mu ba.

Batun auren Yaya da Balarabe, wanda na san shi ne ainihin abin da ke damunka, ina roƙonka ka sassauta. Musulmi ne mai mutunci, 'ya'yanta suna gaishe ni da Hausa a durƙushe, kuma kukar da kuke aiko mana a tukunyarta take ƙarewa. Larabawan Gadamas sun zauna a Kano sun auri 'ya'yan gari ba wanda ya ga laifinsu, don haka yana yi mana zafi a ce namu ne kaɗai abin tuhuma. Ku riƙa tambayar lafiyarmu ma, Kawu, kafin ku tambayi asalinmu.