Likita, wannan gumin daren fa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Shekarata 49, tun bara al'adata ta fara min wasa, wani watan ta zo wani ta ƙi. Yanzu kuma ina zaune sai kawai in ji zafi ya taso min daga ƙirji ya haye wuya har fuska, da daddare kuwa sai na tashi na canza riga ko da lokacin hunturu ne. Na sha maganin maleriya da taifod a kemis har na gaji, ƙawata kuma ta ce iska ce. Dan Allah akwai magani?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan ya yi kama da alamar ɗaukewar al'ada, kuma wajen mata uku cikin huɗu suna haɗuwa da shi. In sinadarin istirojin, wato homon ɗin mata da ke tafiyar da al'ada, ya ja baya, sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita zafin jiki sai ya rikice, ɗumi kaɗan sai ya ɗauka kin yi zafi sosai ya buɗe jijiyoyin fata ya sako gumi.

Ba zan ce miki ki yi haƙuri gobe zai wuce ba. Binciken SWAN na Amurka da ya fito a 2015 ya nuna abin yana kai shekara 7.4 a tsaka-tsaki, a wajen baƙar fata ma har 10.1.

Maganin da ya fi aiki har yau shi ne na homon, wato a mayar wa jiki istirojin ɗin da ya ragu, yana rage yawan tasowar zafin da kusan kashi 75 cikin 100. Abin da ya tsorata mutane shi ne wani babban bincike na Amurka kan lafiyar mata mai suna WHI da aka tsayar da wani ɓangarensa a 2002 saboda an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki, to amma fa matan da aka yi gwajin da su shekarunsu a tsaka-tsaki 63 ne, da aka koma aka duba sai aka ga mai ƙasa da 60 wadda ba ta jima da ɗaukewar al'ada ba amfanin ya fi haɗarin yawa. Wadda ta taɓa sankarar mama ko jini ya taɓa daskare mata dai ba nata ba ne. Wadda ba a cire wa mahaifa ba kuma dole a haɗa mata da furojestin, wani homon da ke kare mahaifar.

A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna Veozah, ba homon ba ne, can cikin ƙwaƙwalwa yake toshe saƙon da ke tayar da zafin. Sai dai tsada, ga gwajin hanta akai-akai, don a 2024 an ƙara masa gargaɗi mai ƙarfi kan hanta. Paroxetine kaɗan ko gabapentin sun fi sauƙin samu, amma likita ne zai rubuta.

Haɗe-haɗen da ake tallatawa a WhatsApp kuwa, a gwaje-gwajen magungunan wannan zafin har waɗanda aka ba ƙwayar bogi da yawansu sukan ce sun samu sauƙi, don haka "wance ta sha ta warke" ba hujja ba ce.

Ki je asibiti ki ga likitan mata. In akwai tari sama da sati biyu ko rama, ki ce a gwada tarin fuka, shi ma yana sa gumin dare. Sannan kar ki saki tsarin iyali tukuna, sai kin cika wata 12 babu jini, don ciki yana iya shiga.