Hukuncin Wasan Kartar Bakarat da Kuɗin da Aka Ci a Cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direban gida ne a Jidda, shekarata shida a nan. Wata uku da suka wuce wani ɗan garinmu da muke kwana ɗaki ɗaya ya sa mini wata manhaja a waya, ana buga kartar da ake kira bakarat, kana kallon mai rabon kartar kai tsaye ta bidiyo. Ya ce mini wannan ba irin cacar bayan tasha da muka sani a gida ba ce, domin dokokinta a fili suke, babu maguɗi, lissafi ne kawai. Na fara da kuɗin ƙarya da manhajar ke bayarwa kyauta, daga baya na zuba riyal 200, yanzu sun zama 1,400. Ina so in aika wa mahaifiyata su, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sun kuma ce in na kawo musu mutane za su riƙa ba ni kaso. Malam, wannan wasa caca ne? Yaya zan yi da kuɗin? Na kyautan fa, shi ma haramun ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin kuɗin su isa hannun mahaifiyarka. Bakarat da kuɗi caca ce tsantsa, haramun ce da nassin Alƙur'ani da ijma'in malamai, kuma tana cikin manyan zunubai. Amma tunda abokinka ya kafa hujja da dokokin wasan, bari mu shimfiɗa su, domin malaman usulu suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

Ana haɗa fakitin karta 6 ko 8 a cikin akwati guda. Komai yawan mutanen da ke wasan, hannu biyu kaɗai ake rabawa: ɗaya ana ce masa Ɗan wasa, ɗaya Banki. Sunaye ne kawai, ba kai ne Ɗan wasan ba, kuma Bankin ba shi ne gidan cacar ba. Kowane hannu ana ba shi kati biyu. Katin da ke da harafin A ɗaya ne, daga 2 zuwa 9 kowanne yana nan a lambarsa, 10 da katunan hoto guda uku kuwa sifiri ne. In jimillar ta wuce 9 sai a jefar da goman: 7 da 8 sun ba da 15, a ƙirga 5. Hannun da ya fi kusa da 9 shi ya ci. In wani hannu ya samu 8 ko 9 tun a katin farko biyu, an gama. In ba haka ba, Ɗan wasa yana ƙarin kati na uku idan jimillarsa daga 0 zuwa 5 ce, ya tsaya a 6 ko 7. Shi ma Banki da nasa jadawalin: daga 0 zuwa 2 dole ya ƙara, a 7 ya tsaya, tsakanin 3 da 6 kuma ana duba ko Ɗan wasa ya ja na uku da abin da ya ja.

To ina aikinka a cikin duk wannan? Babu. Ba ka zaɓen kati, ba ka cewa a ƙara ko a tsaya, mai rabon ma jadawali take bi. Abu guda ya rage maka: kafin a buɗe karta ka ɗora kuɗinka a kan Ɗan wasa, ko Banki, ko canjaras. In ka dace a kan Ɗan wasa ko Banki a ba ka kusan kwatankwacin abin da ka sa, in ka kuskure kuɗinka su tafi. Ka duba ma'anar ƙimar, wato caca da Larabci, a wurin malaman fiƙihu: mutum ya shigar da dukiyarsa cikin abin da ba a san ƙarshensa ba, ko dai ya ci ta wani ko a cinye tasa, ba tare da wani kaya ko aiki da aka yi musaya da shi ba. Ban san wasan da ya dace da wannan ma'ana kamar bakarat ba. Dokokin da abokinka ke tutiya da su, su ne shaidar da ta kama shi.

Allah Maɗaukaki ya fara da cewa a Suratul Baƙara, aya ta 219, a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, kuma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Sannan ya rufe ƙofar a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda ya jera caca tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, ya ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, ku nisance shi. Ya faɗi dalili: Shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Ya ƙare da tambaya: shin kun hanu?

Ina so ka san irin cacar da waɗannan ayoyi suka tarar a ƙasar nan da muke zaune a cikinta, don ita ce amsar maganar "babu maguɗi". Larabawan jahiliyya sukan yanka raƙumi, su kawo kibau 10. Bakwai daga ciki suna da rabo, daga mai kaso ɗaya har zuwa mai kaso bakwai, uku kuma babu komai a kansu. A zuba su a jaka a hannun amintaccen mutum, ya riƙa zarowa da sunan kowa. Waɗanda kiban banza suka faɗo a kansu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuma sau da yawa ba sa ko ɗanɗana naman, matalauta suke raba wa, suna alfahari da hakan. Ka ga dokoki a fili, ga amintaccen mai rabo, ga yardar kowa, ga ma ciyar da mabuƙata a ƙarshe. Duk da haka Allah ya kira shi ƙazanta. Ba don ana cuta a cikinta aka haramta caca ba. Ita kanta hanyar ce ta cin dukiyar mutane da ɓarna, wadda Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana. Yarda kuwa ba ta halatta ta, kamar yadda yardar mai karɓar bashi ba ta halatta kuɗin ruwa.

Wani zai ce ai kasuwanci ma akwai kasada. Gaskiya ne. Amma hajiyar da ta sari abaya a kasuwar Balad ta Jidda ta aika Kano, ko ta ci riba ko ta faɗi, akwai kayan da ya tashi daga hannu zuwa hannu, kuma yana yiwuwa mai sayarwa da mai saye duk su tashi da farin ciki. A teburin caca ba ya yiwuwa. Duk riyal ɗin da ya shigo aljihunka daga aljihun wani ya fita, bai karɓi komai a madadinsa ba.

Maganar lissafi kuma, lissafin yana nan, sai dai ba naka ba ne. Masu ƙididdigar wasan sun fitar da cewa a akwati mai fakiti 8, Banki yana ci kusan sau 46 cikin 100, Ɗan wasa kusan sau 45, canjaras kuma tsakanin 9 da 10. Saboda Banki ya ɗan fi ci, sai gidan ya yanke kashi 5 cikin 100 daga ribar duk wanda ya ci a kansa. Sakamakon shi ne, a kan dogon zango, gidan yana riƙe riyal 1.06 daga kowane 100 da aka ɗora a kan Banki, 1.24 a kan Ɗan wasa, da fiye da 14 a kan canjaras da ake kwaɗaita wa mutane da ninki takwas. Za ka ga kamar riyal ɗaya ba komai ba ne. To ka ɗauka kana sa 50 a kowane hannu, ana buga hannu 60 a awa. Ka juya riyal 3,000 ke nan, rabon gidan ya kai 32. Awa biyu kowane dare har wata guda, kuɗin sun haura 1,900. Ka auna da albashinka. Da irin wannan ɗan kaso aka gina manyan gidajen cacar Makawo da ke ƙasar Sin, inda bakarat ce ke kawo mafi yawan kuɗin shiga.

Na san dabarar da ake koya wa sababbin shiga, wai in ka faɗi ka ninka. Ka sa 10, sai 20, 40, 80, 160, 320, 640. Faɗuwa bakwai a jere, ka zubar da 1,270, duk don neman ribar 10, kuma teburin yana da iyakar da ba za a bari ka wuce ba. Haka jajayen ɗigo da shuɗɗan da ake jerawa a gefen allo wai ka karanci inda wasan ya dosa; kartar da ta wuce ba ta gaya maka mai zuwa. Ba na faɗin wannan don in ce da ana cin riba da ta halatta. Ko da kullum kai ke ci, haramun ce. Na faɗa ne don ka gane 1,200 ɗin da ka samu tsaba ce aka watsa wa kaza.

A nan Makka, wajen Shara Mansur, na sha wucewa bayan isha'i in ga samari huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, shayinsu ya huce a gabansu ba wanda ya kula. Wani magidanci ya taɓa tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya riƙe hannuna ya kasa magana, sai da muka koma gefe. Kuɗin adashin mutum tara ne a hannunsa, har da na wata dattijuwa da take tara na sabunta igama, wato takardar izinin zama. Ya ce aro ya yi na dare ɗaya, da niyyar ya mayar kafin asuba. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, ya ji kiran sallar asubar daga Harami yana zaune yana jiran a buɗe kati. Gaba tsakanin mutane da kangewa daga salla, duka biyun da ayar ta faɗa, ga su a jikin mutum guda.

Na kyauta kuwa, akwai bayani. An ruwaito daga Imam Malik cewa maisir, wato cacar da Alƙur'ani ya ambata, iri biyu ne: na wargi, irin su nardu da shaɗaranji (wasan ces), da na ƙimar, wanda mutane ke sa dukiya a kansa. A Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Musal Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa, kuma ba a ambaci kuɗi a ciki ba. Nardu wasa ne da ya dogara da abin da ƙwayar da aka jefa ta nuna. A kan wannan ne Kwamitin Dindindin na Fatawa na ƙasar nan ya hana karta ko babu kuɗi, wasu malaman zamani kuma suka sauƙaƙa a irin wadda ake sa tunani, kamar balot da aka saba da ita a nan, da sharaɗin babu kuɗi, babu tozarta salla, babu zagi da rantse-rantse. Ni a ganina bakarat ba ta shiga wannan saɓanin. In ka cire sa kuɗi babu sauran wasa a cikinta, don haka na kyautar koyon caca ne kawai, kuma labarinka ya isa hujja: da na ƙarya ka fara, ka ƙare da riyal 200 na guminka. Abin da ke kai mutum ga haram ta wannan hanya a fili, shi ma an hana shi. Ka goge manhajar gaba ɗaya.

Kason da suka yi maka alkawari ya fi wasan muni. Daga asarar mutanen da za ka kawo za a yanko shi, kuma wa za ka kawo in ba 'yan'uwanka da suka amince da kai ba? Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Furucin gayyatar kaɗai ya buƙaci kaffara, balle wanda ya mai da ita sana'a. Ka isar wa abokinka wannan hadisi cikin taushi, a keɓe, domin mai yiwuwa shi ma yaudararsa aka yi. Ka kuma sanar da shi cewa dokar laifukan intanet ta Saudiyya, ta shekarar 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan uku ga mai tallata shafukan caca. Baƙo mai igama ya san abin da irin wannan shari'a ke jawo masa.

Saura kuɗin. Riyal 200 da ka zuba naka ne, ka ɗauki abinka. Sauran 1,200 ba mallakarka ba ne. Da daga hannun wani mutum sananne ka ci su, da sai mu ce ka mayar masa. Amma tunda gidan caca ne, ba za a mayar masa a ƙarfafe shi a kan ɓarna ba. Ka fitar da su ga matalauta ko wata maslahar musulmi, kamar maganin mara lafiyan da ya rasa kuɗin asibiti, da niyyar tsarkake kanka, ba da niyyar sadakar neman lada ba, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Kada ka aika wa mahaifiyarka: ɗawainiyarta wajibi ce a kanka, kana kuma da albashi, ba a sauke wajibi da dukiyar da ba taka ba. Ka aika mata daga guminka ko da 100 ne, ka roƙe ta addu'a.

In sun ce ba za ka iya cire kuɗin ba sai ka ƙara buga wasu hannaye, kamar yadda da yawansu ke gindayawa, kada ka buga ko ɗaya. Ka bar musu har da 200 ɗin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. In kuma ka ji zuciyarka tana ja da dare, ka miƙa katin bankinka ga wani dattijo da ka yarda da shi na ɗan lokaci, ka daina kwana da waya a hannu.

Allah ya karɓi tubanmu da naka, ya buɗa maka ta halal. Wallahu a'alam.