Filin Zarto da Guduma: an haɗa tebur da damina, ya tsage da hunturu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni sun taru wannan makon, kuma yawancinsu daga masu taɓa kafinta ne a ƙarshen mako don sha'awa, wato aikin na nan a gareji ko a zaure rabi da rabi sai Asabar ta zagayo. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnatin jihar Kaduna ne a Unguwar Rimi nake, tun da aka mayar mana da aiki kwana huɗu a Disambar 2021 na samu Juma'a da Asabar ina ɗan buga guduma a garejin gida. A watan Agusta na sayi falankin madaci guda huɗu na kai aka goge min a inji, na haɗa su da gam suka zama saman teburin cin abinci mai faɗin santimita 90, sannan na ɗaure shi a jikin firam da sukuru ta ko'ina don kada ya motsa. Ko fenti ban kai ga yi ba, da sanyin nan ya shigo wani dare muka ji ƙas! da safe sai ga tsaga tun daga baki har kusan tsakiya. Gam ɗin ne jabu ko mai katako ne ya cuce ni?

Amsa: Yallaɓai, ka saki mai gam ka saki mai katako, abin da ya tsaga maka tebur yana cikin maganarka da ka ce "don kada ya motsa". Katako dole ne ya motsa, ko shekara hamsin ya yi da sarewa yana shan laima daga iska yana kuma sakin ta, in ya sha ya kumbura, in ya saki ya tsuke. Kuma ta faɗi yake yin wannan, ta tsawo kusan ba ya yin komai. To ka duba garin da muke ciki. A Agusta, tsakiyar damina, laimar iska a Kaduna tana haura kashi 80 cikin ɗari, katakon da ya zauna a irin wannan iskar yana riƙe ruwa wajen kashi 16 cikin ɗari. A Janairu kuwa da rana laimar takan faɗo ƙasa da kashi 20, katako ya nufi kashi 5 ko 6. Lissafin da masu aikin ke yi a ka shi ne duk raguwar kashi 4 na ruwa, faɗin falanki na iya raguwa da kusan kashi 1, madaci bai kai wasu itatuwan tsukewa ba amma duk da haka a faɗin santimita 90 maganar santimita guda ake yi ko fiye. Saman tebur yana son ya tsuke, firam ɗin da ke ƙarƙashi an shimfiɗa shi a gicciye ba ya raguwa ta tsawo, sukurori sun riƙe gefe da gefe gam-gam, ina zai je? Sai ya yage a inda ya fi rauni. Shi ya sa ma ƙofofin katako a gidajenmu ke cijewa da damina sai an sa kafaɗa, da hunturu kuma sakata ta ƙi shiga raminta.

Gyaran ba wuya, sai dai kada ka cusa gam da garin katako a tsagar ka ce ka gama, damina na dawowa falankin zai kumbura ya matse abin da ka cusa ya turo shi waje ko ya buɗe wani wurin. Ka kwance sukurorin duka, ka ɗora saman teburin kan sanduna a cikin ɗaki iska na ratsa shi sama da ƙasa, ka bar shi sati biyu ko uku ya gama abin da zai yi. Daga nan ka kai wurin masu inji a tsaga shi da zarto daidai kan layin tsagar har ƙarshe, a goge bakunan biyu su miƙe, ka shafa farin gam ka matse da kilam ya kwana. In kilam ɗinka ba su kai faɗin ba, ka kafa katako biyu a kan benci ka buga 'yan guntaye masu tsini a tsakani su matse, tsofaffin kafintoci da haka suke yi.

Wajen mayar da shi kan firam nan ne aikin yake. Sukurun tsakiya kawai za ka ɗaure a rami daidai shi, na gefe kuwa ka tsawaita raminsu ta ɓangaren faɗin teburin, ya zama ɗan dogon rami kamar santimita ɗaya da rabi, ka sa wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, a ƙarƙashin kan sukurun, ka ɗaure daidai misali yadda falanki zai iya zamewa. Sannan in ka zo shafa banish ka shafa sama da ƙasa da bakuna, yawan shafi ɗaya, don in fuska ɗaya ce kawai ta samu to ƙasan zai riƙa shan laima fiye da saman, tebur ya lanƙwashe.

Wani abu kuma da nake so ku masu aikin Asabar ku gane, kuna da abin da kafintan bakin titi ba shi da shi, wato lokaci. Shi mai kaya na tsaye a kansa biki saura sati ɗaya, dole ya yi aiki da abin da ya sauko daga mota jiya. Kai wa ya kore ka? Ka sayi katakonka wata biyu ko uku kafin ka fara, ka jera shi a inuwa nesa da siminti, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki duk bayan kamar santimita 50, ka shafa ragowar fenti a bakunan don ta nan ruwa ya fi saurin fita har baki ya tsattsage. In ba ka da na'urar gwada laima, ka ɗauki falanki ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk Asabar kana rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ranar da ya daina raguwa to ya daidaita da iskar gidanka. Cikin itatuwa melaina ta fi kowa ja maka rai a nan, waje ya bushe ciki na jiƙe. Kuma in kana haɗa durowa ko ƙofar kabad a Janairu ka bar mata 'yar tazara, in a Agusta ne ka yi ta cif, hunturu zai sassauta ta da kansa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Malali. Na sa an yanka min bod ɗin MDF na haɗa kantar littattafai da kaina, tsawon kowane hawa mita ɗaya da santimita 20. Saura hawa biyu in gama amma na ƙasan da na fara jera littattafai har sun yi ciki. In ci gaba ko in tsaya?

Amsa: Malama ki tsaya tukuna, amma ba asara ba ce. MDF garin katako ne da gam aka matse, ba shi da jijiya irin ta falanki, ga shi in ya lanƙwasa ba ya komawa. Mai kaurin milimita 18 in littattafai zai ɗauka kada tazararsa ta wuce santimita 60, filawud mai kauri ɗaya yakan kai 80. Naki ya ninka. Ki sa tsayayyen bod a tsakiyar kowane hawa tun daga ƙasa har sama, ɗaya bisa ɗaya, kin ga tazarar ta dawo 60 ke nan. In kina son ƙarin ƙarfi ki manna siririn katako mai faɗin santimita 4 ko 5 a tsaye a bakin gaba, da gam da ƙananan ƙusoshi, zai kuma rufe miki bakin bod ɗin da ba shi da kyan gani. Bayan kantar ki buga filawud siriri ki kama kowane hawa da ƙusa. Waɗanda suka riga suka yi ciki ki juya su. Sai abu biyu: ki yi mata ƙafa ta katako ta ɗaga daga ƙasa, don ruwan mofa kaɗai ya isa ya kumbura MDF ya fara marmashewa, kuma ki ɗaure samanta a bango in akwai yara masu hawa.

Tambaya: Yaya ina gaisuwa, daga Rigasa. Na samo falet ɗin da ake ɗora kaya guda shida da araha, ina kwance su zan yi gadon jariri don matata ta kusa haihuwa. Wani ya ce in shafe katakon da baƙin mai saboda gara. Ya ka gani?

Amsa: Ƙanena Allah ya sauke ta lafiya. Baƙin mai dai a'a, ko kusa. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, ba ya bushewa, gam da fenti ba sa kama wurin da ya taɓa, ga jariri kuma da tsotsar duk abin da bakinsa ya kai. Ko maganin gara na gwangwani irin su Solignum na katakon rufi ne da abin da ke waje, ba na gadon yaro ba. Gara daga ƙasa take zuwa ta bi bango ko tsagar siminti, gadon da ke tsakiyar ɗaki ana ɗaga shi ana shara ba shi ne abincinta ba.

Shi falet ɗin ma ka duba jikinsa. Waɗanda suka tsallako daga waje suna da hatimi a gefe, in ka ga HT zafi aka gasa katakon da shi, digiri 56 na aƙalla minti 30 don kashe ƙwari, wannan ba laifi. In ka ga MB hayaƙin guba aka yi masa, ka bar shi. Amma ko mai HT ɗin ba ka san me ya zube a kansa a sito ba, taki ne ko sinadari, ga guntayen ƙusa da ke ɓuya a ciki su ci maka bakin filen da kake goge katako da shi. Ni a ganina ka yi benci ko abin ajiye takalma da su, gadon kuma ka sayi sabuwar melaina busasshiya. Tazarar sandunan gefe kada ta wuce santimita 6 don kan yaro kada ya shige, katifa ta cika gadon ba rami a gefe, kuma ka gama shafi da wuri warin ya fita kafin ranar suna.

Tambaya: Ɗana, ni tsoho ne na yi ritaya, a Kawo nake. Ina sassaƙa abin ɗora Alƙur'ani irin mai buɗewa da rufewa daga falanki guda ba ƙusa. Biyu sun karye min a wurin haƙoran. An kawo min guntun madobiya, ko ita za ta fi?

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Wannan aikin duk ƙarfinsa yana haƙoran tsakiya ne, don haka a duba tsarin jijiyar falankin kafin nau'in itacen. A samu wanda jijiyarsa ta tafi sambal daga kai zuwa kai, ba ido ba murɗa a tsakiya, kaurin kamar santimita 3. Haƙoran a yi su biyar ko bakwai masu faɗi, kada a yi sirara da yawa. A huda 'yan ramuka a sa siririn zarto ya raba tsakanin haƙora, a sassaƙe gangaren da cizal mai kaifi ta fuska biyu, sai a ƙarshe a tsaga kaurin falankin daga sama da ƙasa har zuwa haƙoran. Yawanci a wajen buɗewar farko ake karya shi, in ya ƙi buɗewa to akwai zaren da bai yanke ba, a bi da bakin wuƙa a nemo shi, kada a sa ƙarfi. Madobiya tana da kyau da nauyi kuma tana ɗaukar sheƙi, sai dai tauri gare ta, ga tsada tun da aka yi ta kwasarta ana kai wa ƙasar Sin har ta kai a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ke sa wa ido. Tunda guntu ne ya zo hannu a adana shi, a gwada na uku da madaci, in hannu ya faɗa sai a taɓa ta. Kuma Baba a riƙa sa takunkumi wajen gugar samfefa, ƙurar irin waɗannan itatuwan tana tayar da tari da ƙaiƙayi.

Tambaya: Daga Kurmin Mashi. Ba ni da kuɗin zarton lantarki, amma ina da giranda, wato injin hannu na guga da yankan ƙarfe. Na ga ana sayar da faifan zarto mai haƙora da ke shiga jikinta, zan iya yanka filawud ɗin kabad ɗina da shi?

Amsa: Ɗan'uwa don Allah kada ka yi. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, zarton lantarki na hannu kuwa wajen 5,000 ne, kuma shi yana da faranti da ke zama kan katako da murfin da ke rufe haƙora da kansa. Giranda ba ta da ko ɗaya, haƙori na cijewa a katako za ta yi tsalle ta dawo kanka kafin ka saki, hannu da cinya da fuska take nema. Filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ka zauna a gida ka zana yadda za a fitar da gundayenka a takarda da awonsu, ka je kasuwar Panteka ko duk inda ka sayi bod ɗin masu inji su yanka maka, kuɗin yankan bai kai na faifan ba ma wani lokacin. Ka tafi da tef ɗinka ka auna gunduwar farko a gabansu kafin su ci gaba, ka kuma tuna bakin zarto na cin kamar milimita 3 a kowane yanka, ka sa shi a lissafi tun a takarda.